Manja a Cikin Keke

Ejigbo, 9 ga Maris, 1986

Zuwa ga maigidana, Baba Rasaki,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya Abijan, yaya kasuwa, yaya ƙafar nan da ta dame ka? Mu nan lafiya lau. Rasaki ya fara tafiya, Mama tana sa maka albarka.

Keken ɗinkin da ka aiko mini ya tashi jiya. Da hannuna na gyara shi. Na san labarin lalacewarsa ya riga wannan takarda isa, don direbobin Abijan ba sa ɗaukar kaya su bar gulma a tasha. Ga yadda abin yake.

Ka san Mama ta damƙa mini ɗinkin ankon bikin cikar shekara da rasuwar mahaifinku, Baba Agba: shuɗi na ’ya’yan gida da baƙi, kore namu na matan da aka auro. Na je Iwo duba mahaifiyata, na dawo na tarar keke ya cije, ko da ƙafa biyu ba ya juyawa, koren yadin kuma ya ragu da abin da zai yi riga guda. Kafin in buɗe baki, ƙanwarka da ba ni da ikon kiran sunanta, Mai Wushirya dai, ta faɗa a gaban Mama da matan gida cewa na kai wa dangina yadi, na kuma kashe keken da gangan don in raba hankalin mutane. Na durƙusa na ce da ita, “Allah ya huci zuciyarki, mijina.” Me zan ce? A gidan na same ta, kuma a al’adarmu duk wanda aka haifa a gidan kafin a auro mace mijinta ne. Tun ranar in na shiga madafa sai hira ta mutu. Iya Mulika, babbarmu a matan da aka auro, ta kwashe sauran yadin ta kulle a ɗakinta.

Na zauna wa keken. Bel lafiyarsa ƙalau. Na cire allura na ga ta lanƙwashe, an kuma sa ta baibai. Na kwance farantin da ke ƙarƙashinta, sai ga haƙoran keke cushe da wani jan abu mai danƙo. Na sunsuna. Manja ne, Baba Rasaki. Wani ya ji keke yana kuka ya ɗura masa manja kamar mai dafa wake, ya haɗu da ƙurar yadi ya daskare kamar ƙaro. Na zuba kananzir na bari ya jiƙa, na bi da tsohon buroshi, ina juya wili baya kaɗan-kaɗan har ƙoshiya ta saki. A bayanta zare ya dunƙule, cikin dunƙulen kuwa akwai ƙyallen koren yadi, tsawon yatsa, wanda aka fizge da ƙarfi. Na wanke komai, na sa man keke da sabuwar allura. Yanzu yana gudu kamar ranar da aka sauke shi daga mota.

Ƙyalle ba ya kiran suna, kuma matar gida ba ta tuhumar ’yar gida. Ina cikin wannan tunani yau da safe sai ga Alhaja Sabitiyu, mahaifiyar malamin makarantar da ke neman auren ƙanwarka. Ta zo da riga a leda, wai ɗinkin yana warwarewa. Kore ce. Gefenta a yage, da tabon manja a hammata. Ta ce surukarta ta gobe ce ta ba ta, don ta shigo bikinmu da ankon gida. Na ɗora ƙyallena a wurin yagar, ya zauna daram.

Ba ta san anko biyu ne ba, ni ma ban gaya mata ba. Na warware rigar na sake ɗinka ta kamar ta amarya, na fitar da tabon, na roƙe ta kada ta zo da wata riga sai ita. Ta yi ta shi mini albarka.

Kada ka wahalar da kanka da aiko saƙo. Wannan takarda ba za ta same ka ba sai bayan biki. Ka gaida ɗan’uwanka Buroda Lamidi da mutanen gidansa.

Taka har kullum,
Wosilatu

Ejigbo, 30 ga Maris, 1986

Zuwa ga maigidana, Baba Rasaki,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, ina fata ruwan Abijan bai hana ku ciniki ba. Sabulu da takalmin Rasaki sun iso, mun gode.

An yi biki an gama. Na ɗinka komai a kan lokaci, ko da yake Iya Mulika ɗaya-ɗaya take ba ni yadin, tana tsaye a kaina.

Alhaja ta iso bayan azahar da mata uku a bayanta, an yi ɗaurin ɗankwali ya kai rufin rumfa. Muna bakin tukwane, dukkanmu cikin kore. Ka san a ranar irin wannan bakin matan gida ba shi da linzami, kuma duk wadda ta sa kore tamu ce. Iya Mulika ta tare ta da tulu ta ce, “Sabuwar amarya, wa ya kawo ki ba mu ci goro ba? Ajiye jakar nan ki ɗebo ruwa, mazajenki na jin ƙishi.” Mata suka kewaye ta da waƙa, makaɗa suka ɗauka. Aka sa ta ta gaida ɗan Buroda Lamidi da aka bari wajen Mama, mai majina a hanci, a matsayin miji. Da fari ta yi dariya. Da ta waiga ta ga duk baƙi cikin shuɗi, dariyar ta tsaya.

Mama ce ta tsayar da kiɗa, ta tambaye ta cikin ladabi inda ta samo yadin. Alhaja ta ce, “Sikiratu ce ta ɗinka mini da hannunta, a keken gidan nan.” Ita ta kira sunan, ni rubutawa kawai na yi. Ƙanwarka tana zaune kusa da limamai da cokali a hannu. Na ɗebi ruwa a kofi, na je na durƙusa a gabanta na miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

Alhaja ta tafi ba ta ci tuwon amala ba. Ba wanda ya ba ni haƙuri, sai dai washegari Iya Mulika ta kawo mini mayafinta in yi masa baki, ta zauna muka yi hira. Mama ba ta yi wa ’yarta magana ba har yau.

Na san abin da za ka ce. Alhaja ba ta yi mini komai ba, gaskiya ne, kuma ita kaɗai nake jin nauyi. Amma an kira ni ɓarauniya a gaban mutane, to a gabansu nake son a ji gaskiya. Da za a sake, haka zan sake yi. Keken yanzu yana ɗakinmu, makulli yana ƙuguna.

Ka kula da kanka, ka rage yaji. Rasaki yana gaida babansa. Jiya mai sayar da barkono ta ce dangin malamin sun kai doyar da suka tara don gaisuwar aure kasuwa sun sayar. Ba wanda ya zo daga gidansu ya tabbatar mana tukuna.

Matarka,
Wosilatu