Shekarun Bappa

Zuwa ga Yaya Umar Farouk,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Dinatu da yara, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan Samaru alhamdu lillahi, ɗana Muhammad Auwal ma ya gama jarrabawa. Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya, kuma wannan magana sai an ji ta har ƙarshe.

Sakamakon gwajin Bappa ya fito. Ciwon daji ne a hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki, shi ya sa tuwo ya daina wuce masa, yanzu sai koko. Da likita, Dakta Akinola, ya tambayi shekarunsa, kafin in buɗe baki Gwaggo Bilkisu ta ce casa'in. Ka san gidanmu, tsoho ba a rage masa shekaru, ƙara masa ake yi don girma, shi kuwa Bappa har da gyara zama. Nan take likitan ya ajiye biro. Ya ce aikin babba ne, sai an buɗe ƙirji an cire wurin, kuma mai casa'in da wuya huhunsa ya ɗauka. Gara a sa masa ɗan bututu ya riƙa haɗiyar kunu, a bar sauran ga Allah.

A hanyar dawowa, daidai Palladan, na tuna labarin da Bappa yake yawan ba mu, cewa yana aji ɗaya aka ba su tuta ranar samun 'yancin kai. Ɗan aji ɗaya a lokacin ai yau saba'in da 'yan kai gare shi. Na koma na faɗa wa likita. Gwaggo ta yi fushi, wai na mai da wanta yaro a gaban baƙo, har yau gaisuwata da ƙyar take amsawa. Na ce ba komai, mai nema yana tare da samu.

Likitan ya ce ba lissafi kaɗai suke bi ba, sai sun ga ƙarfin jiki. Aka duba zuciya da huhu, aka sa shi hawa bene, ya hau yana mita wai shi da ke zuwa kasuwar Sabon Gari a keke. An ce za a iya aikin, amma sai ya ɗan murmure don ya rame ƙwarai. Likitan bai ɓoye mana ba: haɗarin ya fi na ɗan hamsin, jinyar za ta yi tsawo, akwai kuma waɗanda ba sa tashi. In an jinkirta kuma, ciwon ba ya jira.

Bappa ya yarda, amma ya ƙi a sa rana. Da na matsa masa, sai ya ce shi wuƙar likita ba ta ba shi tsoro. Wai shi ya rene ka tun rasuwar Baba, kuma ba zai bari a sa shi barcin da bai san tashinsa ba alhali bai yi sallama da kai ido da ido ba. Don Allah ka nemi hutu ka zo.

Ka gaishe min da Anti Dinatu da yara, su Ƙauna. Gwaggo na gaishe ka, Auwal ma haka. Bappa ya ce shi ba ya aiko da gaisuwa, sai ka zo ka karɓa.

Ƙanwarka,
Halimatussa'adiya