Fulawata Ake Aske Wa, Ta Ila Ake Yabo

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ƙawata Bakin Titi na unguwarmu, Yelwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, kai da dattawan kwamitinka, da fatan iyali suna lafiya.

Sunana Ɗanjuma mai hoto. Shagona yana hannun dama in mutum ya nufi bakin ruwa, yana kallon shagon Ila mai sayar da koma da taru na kamun kifi, titi ne kawai tsakaninmu. Na rubuta wannan a fili ne domin na zo gidanka ban same ka ba, kuma labarin da ya iso mini ba na jira ba ne: an ce kwamitinka ya yanke shawarar tuge fulawar da ke gaban shagona bayan Sallah, a zuba siminti a gurin, wai don ta ƙi fure.

Yallaɓai, ba ƙi ta yi ba. Hana ta aka yi, kuma ga yadda abin yake.

Na farko. Rana ɗaya kuka dasa fulawar nan a gefe biyu na titi, iri ɗaya, mai jan furen nan curi-curi. Kuka ce kowane mai shago ya kula da ta gabansa, kuka kafa doka kada a shanya kome a kanta. Na karɓa hannu bibbiyu. Da rani nakan sayi ruwa gurin 'yan garuwa in ba ta kafin in share shago. Na kawo takin tumaki daga gida, na kore awakin mutane har na yi baƙin jini a layinmu. Ila kuwa, Allah shaida ne, ruwan wankin kifi kawai yake watsa wa tasa, shi ma don ya rasa inda zai zubar.

Na biyu. Masu askin da kuka ɗauka suna zuwa duk wata da manyan almakasai da igiya. Su ja igiya daidai gwiwa, duk abin da ya ɗaga kai sama da ita su datse. To, ita wannan fulawa a bakin sabon toho take fidda fure. Da zarar ta yi toho ta fara ƙullin fure, sai ga su. Ina zaune a bakin shago nakan ga ƙullin yana zuba ƙasa kafin ya buɗe, in ɗauki tsintsiya in share da hannuna. Bara da bazara, a tsakiyar zafin nan da ko kwalta narkewa take, suka yi mata askin ƙwal-kwabo. Rana ta ƙone bakin rassan, suka bushe suka koma baya. Yanzu in ka leƙa cikinta ba ganye, sai ƙirare, sai ɗan kore-kore a sama kamar an yafa mata tsumma. Na roƙe su su tsallake ni ko sau ɗaya, suka ce umarnin kwamiti ne, su ba ruwansu.

Na uku, kuma nan ne abin ya tsaya mini a rai. Ila bai taɓa bin dokarku ba. Ya kakkafa sanduna a tsakanin fulawarsa, kullum da komar da ya gyara ko tarun wani masunci a shanye a kai. Masu askinku kuwa 'ya'yan bakin ruwa ne, kuma kai ma ka san a garin nan ba mai kai almakashi kusa da komar wani. Ko zare ɗaya ya tsinke, magana ce da za ta kai gaban manya. Sai su tsaya daga nesa su gaishe shi, su tsallako titi su huce a kan tawa. Haka tasa ta samu sarari, ta kai ƙirjin mutum, ta yi ja wur tun daga kan kwana ake hango ta.

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi. Na kai shekarun da bai kamata in yi kishin ganye ba, amma wallahi ina yi, kuma yana cina. Ni da na bi doka na tashi da ƙirare, shi da ya taka ta ya tashi da lambu. Ranar da kuka zagayo da baƙi daga Birnin Kebbi, gabansa kuka tsaya. Ka dafa kafaɗarsa ka ce da kowa zai yi koyi da Ila da garin nan ya yi kyau. Ina tsaye da butar ban ruwa a hannu, ko waiwaye ba wanda ya yi. Shi kuma ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi kamar ya san abin da ya yi.

Na huɗu, abin ya taɓa sana'ata. Mai hoto a zamanin nan da kyar yake, kowa da waya a aljihu. Abin da ya rage mana shi ne angwaye da amare da 'yan makaranta masu son hoto mai kyan guri. Na sa rai fulawar nan za ta zama adon shagona. Yau mutum zai shigo gurina, mu yi ciniki, sannan ya ce mu tsallaka gun Ila. In ɗauki kyamara in bi shi, in jira Ila ya ga dama ya janye komarsa gefe. In na wanke hoton, ga allon shagonsa a bayan amarya, sunansa ɓaro-ɓaro. Hotunan nan suna rataye a ɗakuna har Shanga da Ngaski, ni na ɗauka, shi ake sani.

Har 'yar cikina, Hauwa, da bikinta ya zo. Ta rasa yadda za ta gaya mini, sai innarta ta aiko ƙawayenta su ce rana ta fi kyau a wancan gefen. Na san ba rana ba ce. Na tsallaka na ɗauke su, na dawo na rufe shago da wuri.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. A dakatar da maganar tugewa. A ɗauke wa fulawata almakashi damina ɗaya cur, in ya so bayan ta gama fure a rage rassan da suka leƙa titi, ɗaya-ɗaya da hannu, ba da igiya ba. A daina aski da bazara gaba ɗaya. In damina ta wuce ba ta yi ja ba, ni da kaina zan ari diga in taya ku. Dokar shanya kuwa, ko ta hau kan kowa ko a soke ta. Ban ce a datse ta Ila ba, fulawar ba ta yi mini laifi ba, ko da yake in an rage mata tsawo kaɗan ba zan yi kuka ba.

In kuwa kwamiti ya riga ya rufe magana, to alfarma ɗaya nake nema. A sanar da ni ranar da za a zo tugewa, in kulle shago in tafi Warra gurin ƙanwata. Zan iya jure rashin fulawar, amma ba zan iya zama ana tuge ta a gabana, Ila yana zaune cikin furensa yana yi mini sannu ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora a wannan aiki, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin gefen dama da gefen hagu.

Wassalam.

Naka,
Ɗanjuma mai hoto,
Yelwa, Yawuri.