Gurbin Baba a Taron Bareyi

Jidda, daren Talata, 14 ga Maris, 2006

Yaya Ila ya bugo waya daga gida ina tsakiyar ɗinki. Wai gwamnati ta yarda ta zauna da maharba, a haɗa hannu wajen kula da bareyin da ke haurawa arewa da damina, su gangaro mana da rani. Tare za a riƙa yanke lokacin farauta da lokacin da za a bar su su hayayyafa. Abin da Baba ya yi ta roƙo ke nan har muryarsa ta dushe, sai ga shi ya zo bayan ransa.

"Kai ka bi Baba daji, kai ka san hanyarsu," in ji Yaya. "Ka dawo ka zauna a gurbinsa."

Ba ni da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan, in na fita shi ke nan, ba dawowa. Ga matata Hajara da yara a nan unguwar Sharafiyya. Na ce a sa wani. Bai yi faɗa ba, wallahi da ma ya yi.

Na tambaye shi ko bareyin sun gangaro bana. Ya ce wasu makiyaya sun ga sawu.

Sawu kawai. Ina yaro, sai mu tsaya a bakin hanya mu jira su gama wucewa.