Shukar Habu a ɗakin ajiya

Zango, daren Laraba

Yau na gano inda ruwan randarmu yake tafiya. Ƙanena Habu ya shuka wiwi a tukwane biyu cikin ɗakin ajiya, ya rataya musu ampul, wato ƙwan lantarki, ya toshe taga da buhu don kada maƙwabta su ga haske. Ni ina bin layin famfo da bido, jarkarmu ta ruwa, tun asuba, shi yana shayar da ganye.

Na ce, "Habu, jandarma kake so su shigo mana?"

Ya ce, "Yaya, wannan ba irin na 'yan tasha ba ne. Wanda ya ba ni ya ce yana maganin faɗuwar gaba."

Ban yarda ba. Amma tun lokacin da farin bana ya ƙone geronsa a Dakusa ya dawo wurina, ba ya barcin kirki. Na ce gobe mu je asibiti, kuma a tuge shukokin.

Bai musa ba. Ya dai ce, "Duk abin da na shuka bana, su kaɗai suka fito."

An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun ɗazu, yana can zaune gabansu cikin duhu.