Makarantar da Ɗalibai Ke Yawo

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Ni ƙalau nake, sai gwiwa.

Maganar ƴarka ce. Tun da ka kawo mu ƙasar nan ka koma bakin aikinka, idona na kan Takwara. Yarinyar nan ba ta karatu. Da safe ta fita da jaka shafal, da yamma ta dawo da ita shafal. Kai da kana sakandare har kafaɗarka ta karkace don littattafai.

Shekaranjiya na bi ta. Na leƙa ajin da aka sa ta ranar farko, ba ta ciki, wasu yara ne daban. Can na hango ta a baranda cikin ayari, maza da mata, ana ta shewa da rana tsaka. Na tambaye ta a gida, wai ba zan gane ba. To na gane.

Ka zo ka kai ta wajen yayarka kamar yadda ka taɓa cewa. Ƙafata ba ta kai tata sauri ba.

Ka huta lafiya.
Mahaifiyarka

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Kada ka zo.

Ka san ajin Turancin da ka tura ni, na tsofaffi, a saman ɗakin karatu. Makon nan malamar ta ce za ta koya mana yadda sakandaren ƙasar nan take, tunda duk muna da yara a ciki. Ta kafa hotuna a allo. Ashe a nan malami ne ke zaune a ɗakinsa, ɗalibai ke yawo. Da an kaɗa ƙararrawa kowa ya kwashi ƙafa ya nufi wani ɗakin. Kuma kowane yaro yana da akwatin ƙarfe a jikin bango, da kwaɗonsa, nan yake barin littattafai. Tsohon telan da ke zama kusa da ni ya ce da ya sani da malanta ya yi, aikin zama ne ba allura.

Jiya malamar ta kwashe mu ta kai mu makarantar mu gani. Ƙararrawa ta kama mu a baranda, yara suka manna ni da bango. Na ga Takwara ta buɗe nata akwatin. Cike yake da littattafai, har da masu faɗowa. Ita ma ta gan ni, ta rufe ta wuce.

Yarinyar tana karatu. Ka bar maganar.

Mahaifiyarka

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka. Allah ya ƙara sauƙin bayan.

Saƙonka ya iso. Ban ce ka karanta mata wasiƙata ta farko a waya ba, amma ka karanta. Ka ce zaɓi nata ne, ta kuwa zaɓa. Ta ce gara gidan gwaggonta, can ba mai bin ta a baya. Ban roƙe ta ba. Na dai gaya mata ina da labarin akwatin yanzu, ta ce ai tun farko ta ce ba zan gane ba. Gaskiyarta.

Na tambayi malamarmu, da Turancina, ko wanda ya canza makaranta a tsakiyar shekara yana maimaita aji. Ta ce ba dole ba, in an tafi da takardar sakamako. Na je ofishin makarantar da kaina na karɓo, tana cikin jakar Takwara. A lissafi ne kawai ta yi rauni, kamar ubanta.

Ka gaya wa yayarka yarinyar ba ta cin abinci da safe sai an tsaya a kanta. Kuma kada ta bi ta makaranta.

Na wanke kayanta na ninke. Ɗakinta zan bar shi yadda yake har ƙarshen zangon nan. In ba ta dawo ba, keken ɗinkina zan sa a ciki, tagarsa ta fi haske.

Allah ya kawo ka lafiya.
Mahaifiyarka