Tsagar da Baba Ya Toshe

Ustka, 9 ga Afrilu

Zuwa ga yayata Jagoda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Leszek da yara. Yaya ƙafar taki?

Yaya, aikina ya rushe. Kin san shekara bakwai nake renon ƙwayoyin halittar nan na tabon teku. Ina cuɗa su cikin kankare, in ya tsage ruwa ya shiga, su farka su toshe tsagar da farar ƙasa. Na wasu masanan mutuwa suke a sanyin tekunmu, nawa kuwa suna jurewa. Da kaka na tsattsaga bulo goma sha biyu na irin wannan kankaren da gangan, na jera su a gindin katangar tashar jiragen ruwa. Sharaɗin alƙalan jami'a ɗaya ne: in tsagar ta haɗe da kanta zuwa bazara, a bar mini ɗakin bincikena, in ba haka ba, a rufe.

Jiya suka zo. Aka ciro bulo, sai ga kowace tsaga an shafe ta da siminti, sumul. Ina gani na san hannun. Shekara arba'in Baba na faci a katangar nan, kuma kin san shi, ko a kofin shayi ba ya ƙaunar ganin tsaga. Ashe da ya ji manya na tafe, sai ya sa dogayen takalmansa ya shiga ruwan ƙanƙara da cokalin gininsa, wai kada 'yarsa ta ji kunya.

Babban alƙalin ya ce lalle ƙwayoyina sun iya filasta. Aka kwashe da dariya. Ƙarshen wata za a karɓi mukulli.

Da safen nan na fasa bulo ɗaya. Ƙarƙashin simintin Baba ga farin zare siriri, ya bi tsagar har ciki. Ƙwayoyina sun yi aikinsu, Yaya! Amma wa zai yarda yanzu? Na zauna a ƙasa na yi kuka har na gode Allah.

Baba yana kwance, tari ya sarƙe shi tun ranar da ya shiga ruwan. Na kai masa miyar kifi, ya kama hannuna yana tambaya ko manyan sun yaba, ko sun ga wani aibu. Na ce masa ba su ga ko ɗaya ba.

Don Allah kada ki gaya masa. Ki gaishe da yara.

Ƙanwarki,
Dobrusia