Kusurwar da Kaka Ya Gundule

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum, ke da maƙwabtanki na makwanci. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda kika koya mini, ko da yake gwiwoyin yanzu sai da dabara suke lanƙwasuwa. Ina fata kabarinki na da yalwa da haske. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, kuma ko lokacin da kike raye ba ki karanta boko, ni nake karanta miki. Na rubuta wannan a inda mutane za su gani ne, saboda abin da na yi, a gaban mutane na yi shi.

Maganar ɗakinki ce. Jibi za a rushe shi, kuma da sa hannuna.

Kin san yadda gidanmu yake zaune a Tambuwal. Ƙofarmu na kallon titi, amma bayan ɗakinki shi ne bangon lungun da ke shiga gidajen baya, lungun da ba shi da wata mafita sai nan. A daidai inda ya yi kwana, kusurwar ɗakinki ba ta da tsini. Kaka ya gundule ta tun ranar da ya ɗora tubalin farko, ta zama kamar kafaɗar tulu. Saboda haka gadonki bai taɓa shiga lungun ɗakin daidai ba, kullum a karkace yake.

Ina yaro, da na fara koyon lissafin kusurwoyi a makaranta, na dawo na ce miki maginan dauri ba su san awo ba. Kina tankaɗe, ba ki ko ɗago kai ba, kika ce, "Lungu na makara na, mu masu ƙafa aro munka yi." Kika ce Kaka ya bar wannan ƙasar ne don idan an ɗauko gawa daga gidajen baya, makara ta juya ba tare da an karkata mamaci ba. Na fahimta sarai, Inna. Ba zan ce ban sani ba.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka, ke ce mai tayar da mu yaɓe. Ki kwaɓa ƙasa da kashin shanu da ciyawa, ki ajiye ta ta ruɓa, sannan ki bi gindin bangon da tafin hannu. Kusurwar nan kike fara yi. Har yau idan rana ta bugi bangon ta ciki ana ganin layin yatsunki.

Bayan rasuwarki ba wanda ya ƙara yaɓe. Ni malamin makaranta ne, na je kwalejin horon malamai a zamanin da zuwa can ke sa a nuna mutum da yatsa, ban ga kaina da hannu cikin kashin shanu ba. Na koyar har gashina ya yi fari, na yi ritaya, na zauna jiran fansho da ke zuwa in ya ga dama. Takardun shaidata na cikin akwati, gara ma ta raina su. Ina zaune ina zagin ƙasa da masu mulkinta, ruwa yana cin gindin bangonki ta waje, damina bayan damina, har ya yi rami kamar an yi masa yankan wuƙa.

Bara na tashi ceton ɗakin. Dabarata ita ce in yi masa riga: in ja bangon bulo ta wajen lungu, ya rufe na ƙasar, ruwa ya daina taɓa shi. Abin da zan ci daga lungun bai fi kamu ba. Da magini ya zo kan kusurwa ya tambaye ni ko ya bi ta yadda take, na ce ya miƙe ta, ya fitar mini da ita tsaf kamar ta akwati. Yankan bulo ya bi lanƙwasa ɓarna ce, kuma, gaskiyar magana, tun ina yaro wannan kusurwa take ba ni haushi.

Aiki ya kai ƙugu sai ga Nasiru. Ba ki san shi ba, yaro ne da na koyar a firamare, yanzu yana aiki a ofishin da ke kula da filaye da gine-gine. Ya sauka daga babur, ya cire hula, ya tsuguna ya gaishe ni. Cikin ladabi ya ce, da yaɓe nake yi, ko fenti, ko canza kwanon da ya yi tsatsa, ko gyaran ƙofa, ba ruwan kowa da ni. Amma duk aikin da zai gusar da bango daga inda yake, ko ya ƙara ɗaki, ko ya taɓa hanya ko magudanar ruwa, ko ramin masai da zai fita wajen katanga, sai an nemi izini an zo an auna. Ya ce in dakatar da magina, shi da kansa zai kawo mini takardar in cika, ba sai na taka ba.

Kin san abin da ɗanki ya yi? Na ba shi amsa da Turanci, don magina su ji. Na ce gidan ubana ne, ya girmi ofishinsu. Na ce ya fara zuwa ya auna benayen manya kafin ya zo kan kamu ɗaya na tsohon malami. Na tuna masa cewa ni na riƙe hannunsa ya rubuta sunansa. Akwai gwangwanin jan fenti ɗaure a bayan babur ɗinsa, irin wanda suke shafa wa ginin da aka hana. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Allah shi huci zuciyar Malam." Ya hau ya tafi. Kunyata ya ji, ni kuma na ɗauka na ci nasara. Da yamma har na ba da labarin a majalisa aka yi dariya.

Mutanen lungu suka ci gaba da bin hanyarsu a matse. Mai babur ya koyi sauka ya tura. Mai jaki ya koyi sauke mangala ɗaya. Ni kuwa na shafe bangon da siminti, na zauna ina kallonsa ina cewa na yi wa Inna abin da ba a taɓa yi mata ba.

Sai Goggo Kulu ta rasu.

Ƙawarki, Inna, ta gidan ƙarshe. Wadda kuke daka a turmi ɗaya, wadda ta yi miki wankan jego lokacin da danginki na Kebbe suka kasa ƙetarowa saboda ruwa ya cinye hanya. Wadda ta riƙa ajiye mini ƙanzo har na yi gemu. Ta cika da asuba, aka sa jana'iza da hantsi.

Da aka kawo makara daga masallaci, ba kowa a cikinta, sai aka tayar da ita tsaye aka wuce kwanar, ba wanda ya lura da komai. Muna tsaye a bakin titi muna jira, liman a gaba, jama'a sun cika har bakin shaguna. Muka ji salati na tahowa daga cikin lungu. Sai salatin ya tsaya.

Daga inda nake ina ganin kan makarar ya leƙo, ya tokari bangon da ke fuskantar namu. Suka ja baya, suka sake gwadawa. Suka sauke ta daga kafaɗa zuwa hannu. Ƙarfen makarar ya goga a kusurwata har siminti ya zubo. Wani ya ce a ɗaga gefe ɗaya. Shehu, babban ɗanta, ya ce ba za a tsayar masa da uwa a kan ƙafafunta ba. A ƙarshe sai da suka ajiye makarar a ƙasa, suka fito da Goggo Kulu, 'ya'yanta suka rungume ta a cikin tabarma suka zagayo da ita kwanar da hannu, aka tayar da makarar aka biyo ta da ita, aka mayar da ita ciki a gaban kowa. Mace, Inna. Matar da tun da aka kawo ta lungun nan ba wanda ya taɓa ganin ta ba mayafi.

Ba wanda ya dube ni. Da ma sun duba. Mutum ɗari suna tsaye, kowa ya sami wani wuri a ƙasa da zai kafa wa ido. Na yi sallar gawar, amma ban san abin da na karanta ba. A maƙabarta na miƙa hannu in karɓi tulun ruwan kwaɓa ƙasa, wanda ke riƙe da shi ya miƙa wa na bayana kamar bai gan ni ba. Wurin ta'aziyya Shehu ya karɓi hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, an gode da maƙwabtaka." Har yau ban san yadda yake nufi ba, kuma ba ni da fuskar tambaya.

Na kwana biyu ina jiran a zo da jan fenti. Ina so a zo. Da an zo, da na sami wanda zan yi wa faɗa, in ce zalunci ne, in koma majalisa in zama wanda aka cuta, matsayin da na fi iyawa a duniya. Ba wanda ya kai ƙarata. Ni na ɗauki ƙafata na tafi ofishin, na zauna a benci tare da masu neman izinin shago da masu rigimar iyaka, har layi ya zo kaina. Nasiru ya miƙe zai ba ni kujerarsa, na ce ya zauna. Takardar da ya miƙo mini shafi ɗaya ce. Tambaya ta uku a cikinta ita ce ko aikin zai rage faɗin hanyar da wasu ke bi. Na daɗe ina kallon wannan layi. Abin da kika faɗa mini kina tankaɗe ne, aka buga shi da inji.

Suka zo suka auna. Bangon bulo dole ya tafi, wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne abin da ke bayansa. Da aka ɓalle bulo biyu don a duba, sai ƙasa ta zubo kamar gari. Rigar da na yi wa ɗakinki ta hana shi shan iska, laima ta zauna a tsakani, gara ta shiga ta yi gida har cikin azara. Suka ce idan aka cire bulon, bangonki ba zai ga ƙarshen damina ba, kuma cikin lungu zai faɗa, inda yara ke wucewa. Izinin da aka ba ni na rushewa ne da sake gini, a kan tsohon layin Kaka. Ashe rushewar ma sai da izini, idan bango na jingine da hanyar mutane.

Na aika wa babbar 'yarki, Yaya Hadi, a Kebbe. Ta zo a bayan babur, duk da ciwon bayanta da lalacewar hanya, don ta kwashe kayanki. Labari ya riga saƙona isa can. Ta shiga ɗakin ta daɗe, ta fito da tasoshinki da ƙwaryar furarki ɗaure a zane, ta tsaya a kaina ta ce, "Kai da anka kai Sakkwato biɗan ilimi, kusurwa guda ta kada ka." Na ce mata ɗakin Inna nake son in tsirar. Ta ce, "Inna ɗaki ta bar maka, ko mutane?" Ba ta ci abincin gidana ba. Amma da za ta hau babur ta juyo ta ce in riƙa shan maganina.

Inna, jiya na shiga ɗakin ni kaɗai bayan la'asar. Ba komai sai gadon ƙarfe, a karkace yadda kika bar shi. Na sa hannuna a kan layin yatsunki, sai na ga nawa sun fi su girma nesa, ban taɓa lura hannunki ƙarami ba ne haka. Da wannan hannun kika riƙe bangon nan tsawon aurenki, da ƙasa da kashin shanu. Ni da siminti da takardun shaida na kashe shi a damina ɗaya. Na so in ɓanɓaro wurin in ajiye, ya marmashe a tafina.

Na roƙi alfarma ɗaya, an yi mini. Kafin a ɗora bulo na farko za a ja layin kusurwar a ƙasa da igiya, a ɗauko makarar masallaci, a ɗora mata buhunan gero, mutum huɗu su saɓa su juya kwanar. Idan kafaɗar wani ta taɓa igiya, a ƙara matsawa cikin gidana. Na ce ni zan kama gaba ta ɓangaren bango. Nasiru ya ce awonsu ya wadatar, ba sai an yi haka ba. Na ce na sani, ya bar ni.

Sauri nake yi, domin akwai Baba Sanda a gida na biyu. Kin tuna shi, mai gyaran rediyo, yanzu idanunsa sun tafi, jikin ma ya yi nisa. Kullum da hantsi yana fitowa da sandarsa yana bin bango da hannu. Idan ya iso kusurwata sai ya tsaya, ya shafa tsinin sama da ƙasa, ya ɗan jima, sannan ya wuce. Na san abin da yake aunawa.

Ki yafe mini ɗakinki, Innata. Idan kun haɗu da Goggo Kulu, ki roƙar mini ita, ni ban da bakin yi. Allah ya yalwata muku makwanci, ya sa babu inda zai matse ku. Allah ya ba Baba Sanda lafiya, ya ara mini kwanakin da zan buɗe masa hanya. Ranar da aka ɗauko ni kuma, Allah ya sa kada a sami wanda ya tsare mini kwana kamar yadda na tsare wa wasu. Amin.

Ɗanki da kike kira Ɗan Boko, in kina fushi da in kina wasa,

Umaru